Labaran Zamanin Dutse: Wane Jeri Za Ka Saya, Wane Za Ka Ara?

Ƙanwata da ke aure a Daura ce ta jawo wannan rubutu. Ta kira ni bayan isha'i ta ce, "Yaya, na kwashi adashi, ina so in sayi littattafan nan na mutanen kogo da kake ta ba mu labari. Amma na duba na ga kala huɗu ne, kowa da wanda yake yabo. Wanne zan ɗauka?" Na ce mata kafin in amsa, wa zai karanta? Ta ce ita, da 'yarta mai shekara 14, sai kuma duk wanda ya shigo ya tarar da littafi a kan tabarma. Na ce to, wannan mutum na uku shi ne zai yanke mana hukunci.

Mu kimanin goma ne muke musayar littattafai a nan Katsina. Mazan mukan haɗu ranar Asabar bayan la'asar a zauren wani abokinmu wajen Ƙofar Ƙaura, matan kuma su aiko da ra'ayinsu ta waya tare da littafin da suka gama. Akwai malaman makaranta irina, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai tela, akwai ɗalibai biyu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin da zan kawo a nan bakinsu ne da nawa, bayan shekaru ana karɓa-karɓa da waɗannan littattafai har bangon wasu ya fita.

Jerin huɗu su ne: Earth's Children na Jean M. Auel, Chronicles of Ancient Darkness na Michelle Paver, Ivory Carver na Sue Harrison, da North America's Forgotten Past na W. Michael Gear da matarsa Kathleen O'Neal Gear. Duk da Turanci aka rubuta su, duk kuma ƙagaggun labarai ne a kan mutanen da suka rayu ba su bar rubutu ba. Wannan shi ake nufi da "kafin tarihi": ba wata shekara ce tsayayya ba, rashin alƙalami ne.

Ma'aunin da muka yi amfani da shi

Na farko kuɗi. Farashin sabon littafin waje dala yake bi, abin da aka faɗa maka yau ba shi za ka ji bayan sallah ba. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: littafi nawa zan saya kafin labarin ya ƙare, kuma ana samun su a gwanjo? Littafin da ya yi kasuwa a Ingila da Amurka shekaru 30 da suka wuce shi ne yake zubowa wajen masu kasa littattafai a bakin hanya a Kano da Zariya, da arha. Wanda bai yi irin wannan tashe ba sai an yi odarsa, kuɗin kawowa kuma wani lokaci ya fi na littafin.

Na biyu ƙarko, kuma iri biyu ne. Akwai na takarda. Littattafan aljihu masu takarda ruwan ƙasa gam ne ya riƙe su, ba ɗinki ba, hunturun Katsina kuwa ba ya raga wa gam. Littafi mai shafi 700 in ya wuce hannu uku sai ka ga ya tsage gida biyu. Gara ma tana jira. Akwai kuma ƙarkon labari: in ka gama, za ka sake buɗe shi bayan shekara biyu, ko sai dai ya zama matashin fitila?

Na uku sauƙi: nauyin Turancin, yawan sunayen da za ka riƙe, da tsawon babi. Mai karatu da hasken waya bayan an ɗauke wuta ya san amfanin gajeren babi.

Na huɗu haɗari, wanda a gidan Bahaushe ba ƙaramin abu ba ne. Akwai batsa, akwai zubar da jini, akwai maganar aƙida, domin dukkan mutanen da ke cikin labaran nan iskokai da dabbobi da uwar ƙasa suke bauta wa. Wani dattijo a cikinmu, malamin Islamiyya ne, ya ce karanta labarin Maguzawa ba ya mai da mutum Bamaguje, amma yaro ba a sakar masa irin wannan ba tare da babba a kusa ba. A kan wannan muka tsaya. Haɗari na ƙarshe shi ne ka kashe kuɗi da watanni, ƙarshen labari ya watsa maka ƙasa a ido.

Earth's Children: mai suna, mai rigima

Littattafai 6 ne, na farko The Clan of the Cave Bear ya fito a 1980, na ƙarshe The Land of Painted Caves a 2011. Shekara 31 ke nan masu karatu suna bin yarinya ɗaya. Tsakanin na huɗu da na biyar kaɗai an jira shekara 12.

Labarin Ayla ne, kimanin shekara 30,000 da suka wuce, a zamanin ƙanƙara na Turai. Girgizar ƙasa ta halaka danginta tana da shekara 5, sai wata ƙabila ta mutanen Niyandatal, wani tsohon jinsin mutane da ya ƙare, ta tsince ta. Iza, mai maganin ƙabilar, ta goya ta. Creb, bokansu mai hannu ɗaya da ido ɗaya, ya zame mata uba. Mutanen da hannu suka fi magana, mace kuma ba ta taɓa makami, amma Ayla ta koyi majajjawa a ɓoye. Marubuciyar ba da ka ta ƙago Creb ba: ta ɗauko shi ne daga ƙwarangwal ɗin wani Niyandatal da aka haƙo a kogon Shanidar na Iraƙi, wanda ya rayu shekaru da naƙasa, alamar akwai masu kula da shi. Haka kuma ta rubuta tun 1980 cewa Niyandatal da mutane irinmu sun haihu da juna, sai a 2010 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa hakan ya faru. Ƙasusuwan gaskiya ne, tun 1856 aka haƙo na farkon da aka ba wannan suna a wani kwari na Jamus. Amma abin da suke tunani da yadda suke tuna ilimin kakanninsu a cikin kai, wannan saƙar marubuciya ce.

A kan littafi na farko ba mu taɓa yin gardama ba. Kowa ya yarda ya kai. Ma'aikaciyar jinyar cikinmu ta ce duk inda Iza ta tsuguna tana tafasa sassaƙe da saiwa sai ta tuna kakarta a Mashi. Ni abin da ya kama ni shi ne maraici: yarinyar da take ganin kanta mummuna don kawai ba ta yi kama da masu riƙonta ba. Duk wanda aka taɓa kai shi riƙo gidan da ba nasu ba zai gane wannan ba sai an yi masa tafinta ba.

Daga na biyu ne baki ya rabu. The Valley of Horses yana da daɗi inda Ayla take zaune ita kaɗai a kwari tana kiwon ɗiyar doki da ɗan zaki, har ta gano ana ƙyasta wuta da dutse biyu. Abin dariya, kalmarmu ɗaya ce ta ɗauki duka biyun: ƙanƙarar da ta rufe ƙasarsu da ƙanƙarar da ake ƙyastu da ita. To amma a nan ne Jondalar, saurayin da ya zama masoyinta, ya shigo, kuma da shigowarsa aka yaye labule. Ba irin soyayyar littattafanmu ba ce ta ya kalle ta, ta sunkuyar da kai. Ana bayyana kwanciyar namiji da mace filla-filla, shafi bayan shafi, a maimaita a kowane littafi har na ƙarshe. Wannan ba littafin da ake bari a kan tabarma ba ne. Ko a na farkon ma akwai inda Broud, magajin shugaban ƙabila, yake yi wa Ayla fin ƙarfi tana yarinya. Ba don sha'awa aka rubuta wurin ba, amma yana da ɗaci, kuma ba na yara ba ne.

Ƙorafi na biyu shi ne Ayla ta yi yawa. Ita ta fara hawa doki, ita ta fara kiwon kyarkeci, ita ta ɗinke rauni, da ita aka ƙirƙiro allura da abin cilla mashi. Telan cikinmu ya ce ya haƙura da allurar, amma ya san da an ƙara littafi ɗaya da ta ƙera babur.

Na uku, maimaici. The Plains of Passage tafiya ce a gefen kogin Danub daga gabas zuwa yamma, kuma marubuciyar ba ta wuce ciyawa ba ta gaya maka sunanta da amfaninta ba. Wasu suna son haka, ni ma a wasu wuraren ina so. Amma a biyun ƙarshe abin ya zama jidali. Duk mutumin da Ayla ta haɗu da shi sai an jero masa kirarinta daga farko har ƙarshe, wata doguwar waƙar uwar ƙasa kuma ana ta dawo da ita. Wani ɗan Daura a cikinmu ya ce ko maroƙan hawan sallah in sun ga rana ta yi sukan taƙaita. Littafi na shida rabinsa zagayen kogwannin Faransa ne masu zane, a shiga wannan a fita a shiga wancan. Ga kuma abin da ya fi ɓata wa mutane rai: tambayar da aka bari tun 1980, ta ɗan da Ayla ta rabu da shi, ba a warware ta yadda masu karatu suka yi shekaru suna jira ba.

Ta fuskar kuɗi kuwa, shi ya fi sauƙin samu a gwanjo, musamman huɗun farko, don an buga su da yawan gaske. Sai dai kauri ne da su, yawancinsu sun haura shafi 700 a bugun aljihu, don haka ka kai wa masu ɗinkin takardu na bakin makaranta su ɗinke maka kafin ka ba kowa aro. Turancin ba mai wuya ba ne, tsawo ne kawai da sunayen tsirrai.

Chronicles of Ancient Darkness: an ce na yara ne

Da raini na ɗauki Wolf Brother, don an rubuta a bayansa cewa na matasa ne. Kafin asuba na gama shi.

Littattafai 6 ne na asali, daga 2004 zuwa 2009, sannan marubuciyar ta dawo ta ƙara 3 daga 2020 zuwa 2022. Michelle Paver a Malawi aka haife ta, lauya ce kafin ta koma rubutu, kuma ta je Finland da Girinland ta ga yadda mutanen can suke farauta da jima da ɗinkin fata kafin ta zauna rubutawa. Labarin a dazuzzukan arewacin Turai yake, shekara 6,000 da suka wuce. Torak yaro ne mai shekara 12, wata dabbar beyar da aljani ya shiga ta kashe mahaifinsa, ya rage daga shi sai ɗan kyarkeci maraya da ya tsinta, sai kuma Renn, yarinya gwanar baka da kibiya. Wasu babuka daga idon kyarkecin ake ba da su, inda yake ganin Torak a matsayin dogon ɗan'uwa marar wutsiya. Yara suna mutuwar son wannan.

Abin da Auel take yi a shafi 20, Paver a layi 5 take yi. Za ka koyi yadda ake cin moriyar dabba har ƙashi da jijiya, ba tare da labari ya tsaya jiranka ba. Babukan gajeru ne, kowanne yana ƙarewa inda ba za ka iya ajiyewa ba. Turancin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare mai ƙoƙari zai iya da shi. Littattafan sirara ne, ba su kai rabin na Auel ba, saboda haka gam ɗinsu yana jurewa. Na gidana sun bi hannun 'ya'yana uku suna nan. Na shida, Ghost Hunter, ya ci kyautar adabin yara ta jaridar Guardian a 2010. Akwai kuma na sauraro da muryar ɗan wasan Ingila Ian McKellen, wanda zai taimaki yaron da kunnensa bai saba da Turancin Turawa ba, in dai akwai data.

Batsa babu. Haɗarinsa a wani wuri yake: tsafi. Abokan gabar Torak matsafa ne da suka lalace, akwai iskokai, akwai imanin cewa mutum kurwa uku ke gare shi. Wanda ya tashi yana jin labarin bori ba zai ga baƙon abu ba, amma wata malama a cikinmu ta ce ɗanta mai shekara 9 ya kwana biyu ba ya fita fitsari shi kaɗai. Ni daga shekara 11 nake ba da shi, kuma ina tambayar yaro abin da ya karanta. Manyan da suka ƙi shi sun ce ya cika gudu, ba ya barin mutum ya zauna da jama'ar cikinsa. Akwai gaskiya a nan.

Kuɗi: shida na farko sun rufe labarinsu da kansu, ba dole sai ka sayi ukun baya ba, waɗanda da wuya ka gan su a gwanjo don sababbi ne. Amma dole a bi su a jere. Ni na taɓa yin cinikin biri a sama da wani mai sayarwa ta intanet, ya aiko mini da na ɗaya, na biyu, na huɗu, da na huɗun kuma. Ka sa a ɗauko maka hoton bangon kowanne kafin ka tura ko kwabo.

Ivory Carver: wanda mata suka riƙe

Guda 3 ne: Mother Earth Father Sky na 1990, My Sister the Moon na 1992, da Brother Wind na 1994. Tsibiran Alushiyan ne na gefen Alaska, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, wurin da babu itace sai wanda teku ta watso, abinci kuma daga ruwa ake farauto shi a kwalekwalen fata. Chagak budurwa ce da ta dawo daga tsintar abinci ta tarar mahara sun karkashe ƙauyensu. Ta ɗauki ƙanenta jariri ta shiga teku, har ta faɗa hannun wani tsoho masassaƙin haure.

Matan cikinmu wannan suka zaɓa, kusan baki ɗaya. Suka ce in ka cire ƙanƙarar, labarin gidajenmu ne: auren da ba a tambayi yarinya ba, uban da yake ganin 'ya mace asara ce, 'yan'uwa biyu a kan mace ɗaya, da haƙurin da ba na wauta ba. Littafi na biyu shi suka fi ambata, na Kiin, yarinyar da ubanta ya wulaƙanta tun daga suna. Wata ta ce mini ta yi kuka a kansa fiye da yadda ta yi a kan duk wani littafin Hausa da ta taɓa haya. Mazan kuwa wasu sun ce wahalar ta yi yawa, ba a barin mutum ya numfasa.

Haɗarinsa ke nan. Akwai fyaɗe, akwai duka, akwai kisa, kuma ba a sakaya su ba, ko da yake ba a yi zaman bayyana kwanciya irin na Auel ba. Ba zan ba 'yar shekara 14 ba. Turancinsa a miƙe yake, gajerun jimloli, sai dai sunayen na harshen mutanen tsibirin ne, sai ka yi babi uku kafin bakinka ya saba. Matsakaicin kauri ne, yana da ƙarko, kuma labari ne da ake komawa. Matsalarsa samu: a takarda sai an dace. An sake fitar da shi a sigar karantawa ta waya, wannan ce hanyar da ta fi tabbas, ga wanda yake da katin da ke biyan kuɗin waje.

North America's Forgotten Past: na mai son tarihi

Marubutan mata da miji ne, dukansu masana haƙar kayan tarihi. Sun fara da People of the Wolf a 1990, labarin mutanen farko da suka tsallaka daga Asiya zuwa nahiyar Amurka ta cikin ƙanƙara, da tagwaye biyu, ɗaya mai mafarki ɗaya mayaƙi. Jerin ya haura littafi 20. Kada wannan ya tsorata ka, domin galibinsu kowanne da zamaninsa da mutanensa, za ka iya sayen ɗaya ka tsaya.

Ɗalibin tarihin da ke cikinmu People of the River ya fi so, wanda aka gina a kan Kahokiya, tsohon birni kusa da kogin Misisifi mai tulin ƙasa da ya kai mita 30 a tsayi. Shi ne ya ja hankalinmu cewa lokacin da birnin nan yake tashe, bayan shekarar 1050, daidai yake da zamanin sarakunan farko da Tarihin Kano ya lissafo daga Bagauda. Ashe "kafin tarihi" na wani, zamanin sarauta ne na wani. A nan akwai fada, akwai haraji, akwai fari da yunwa, akwai makirci, abubuwan da babu su a sauran ukun. A ƙarshen littattafan kuma sukan jero ayyukan masana da suka dogara a kansu.

Shi ya fi nauyi. Mutane da yawa, sunaye kuma irin na laƙabi ne masu kama da juna, sai ka riƙa komawa baya. Yaƙi da azabtar da fursuna da yanka mutum don tsafi suna nan tsirara, da ɗan abin da ba a rasa ba na ɗaki. In ka karanta huɗu ko biyar kuma za ka fara gane ƙirar: mai mafarki, azzalumin shugaba, ƙasa ta lalace, a yi karo. Na farko-farkon ana tsintarsu a gwanjo, bugun aljihu masu kauri, masu tsagewa.

Abu ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da duka huɗun: ana zafin bazara a Katsina, gumi na zuba, kai kuma kana karanta yadda yatsun wani suka daskare. Alhali a 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 wanda ya haura shekara 8,000, wato ya girmi zamanin Torak da shekara dubu biyu. Ga zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, ga gumakan Nok, ga raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus arewa da Agadas lokacin da Sahara take kore, ga Durɓi ta Kusheyi nan bayan gidanmu wajen Mani. Wa ya sassaƙa kwalekwalen nan, wace ce ta tsaya a gaɓa tana jiransa? Na sha tsokanar marubutanmu da wannan tambaya.

| Jeri | Yawa | Nauyin aljihu | Ƙarko | Turanci | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Earth's Children | 6 | Arha a gwanjo, musamman 1 zuwa 4 | Takarda na tsagewa. Na farko kaɗai ake komawa | Matsakaici, mai tsawo | Batsa sosai daga na 2. Ƙarshe mai sanyi |
| Chronicles of Ancient Darkness | 6, da ƙarin 3 | Matsakaici. Dole a bi jeri | Sirara, suna jurewa. Yara na maimaitawa | Mai sauƙi | Tsafi da ban tsoro. Babu batsa |
| Ivory Carver | 3 | Wuyar samu a takarda. Akwai na waya | Mai kyau ta kowane ɓangare | Miƙaƙƙe, baƙin sunaye | Fyaɗe, duka, kisa |
| North America's Forgotten Past | Fiye da 20 | Ana iya sayen ɗaya tak | Takarda na tsagewa. Salo na maimaituwa | Mafi nauyi | Yaƙi, azaba, ɗan abin ɗaki |

Wa ya dace da wanne

In gidanka gidan yara ne, ko littafin zai zauna inda kowa ke kai hannu, ko malami ne kai kana neman abin da za ka sa a ɗakin karatun makaranta, Paver ce amsarka, babu ta biyu. Haka ma babban da Turancinsa bai nuna ba amma yana so ya gama littafi guda da kansa. Kada sunan "na yara" ya sa ka ji kunya, telanmu mai jikoki da shi ya fara.

In ke babbar mace ce da kika ƙoshi da littattafan soyayya kina neman abin da zai taɓa ki har ƙashi, kuma kina da wayar da ba ta yawo hannun yara, Harrison. Ki fara da na ɗaya ko da an ce miki na biyu ya fi, don zuriya ɗaya ake bi.

Ɗalibin tarihi, ko mai son labarin sarauta da yaƙi, ya nemi People of the River shi kaɗai. In ya karɓe shi ya ƙara wani, in bai karɓe shi ba asarar littafi ɗaya ya yi. Wannan kuma shi ne zaɓin mai ƙaramin aljihu da ba ya son ɗaukar wa kansa bashin jeri.

Auel kuwa, ka sayi na farko, ya cancanci kuɗinsa da wurinsa a akwati. Na biyu zuwa na huɗu ka ara, in ka san kanka kuma kana da makulli. Na biyar da na shida ko kyauta aka ba ni sai na yi tunanin inda zan ajiye su.

Ƙanwata uku na farkon Paver ta saya, ragowar kuɗin ta zuba a wani adashin. Ni kuma na naɗe mata Mother Earth Father Sky a leda na ba direban motar Daura, da sharaɗin a ƙarƙashin katifarta zai kwana. Ba a rufa mako biyu ba wayata ta yi ƙara, na ɗauka ina tsammanin ita ce, sai na ji muryar 'yarta ko gaisuwa ba ta gama ba: "Kawu, don Allah na huɗun fa?" Nawa yana hannun telan, ya ce sai ya gama ɗinkin bikin da ke gabansa zai duba inda ya sa shi.